Aibi da Bayyana Shi: Hukuncin Sayar da Tsohuwar Motar Tsere

Motar tsere da ta daɗe a hannu, ta ci dogon zango, aka kuma sauya mata kaya daga yadda kamfani ya ƙera ta, tana cikin hajojin da suka fi wuyar fita a kasuwar motocin hannu. Mai ita kan yi watanni yana jiran mai saye, dillalai na yi mata tayin wulaƙanci, kuɗin da ya zuba mata kuwa ba mai son jin labarinsu. A cikin wannan matsi ne tambaya ta addini take tasowa: me ya wajaba mai sayarwa ya bayyana game da motarsa, me ya halatta ya yi shiru a kai, kuma ko wahalar samun mai saye tana sassauta wannan wajibi? Malaman fiƙihu sun warware mas'alar tun zamanin cinikin raƙuma da dawaki, a babin aibi da algus, kuma ƙa'idojin da suka shimfiɗa sun hau kan mota daidai.

Abin da ke hana ta fita

Masu neman irin wannan mota 'yan kaɗan ne tun asali. Yawanci ƙofa biyu gare ta, cikinta ba ya ɗaukar iyali, ƙasanta kuma yana dab da titi, saboda haka ramuka da tudun rage gudu na unguwannin Jos suna cin ta. Injinta babba ne mai shan mai. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Tun daga lokacin hankalin masu saye ya koma kan ƙananan motoci masu tsimin mai, waɗanda kayan gyaransu ke samuwa a kasuwar Dilimi ta Jos ba tare da an aika Legas ba.

Sauye-sauyen da mai motar ya yi mata su ma suna rage masu sha'awarta. Wanda ya sa mata salansa mai ƙara, ya rage mata tsayi, ya sauya tayoyi, ya manna baƙin gilashi, ko ya ɗora mata wani inji, ya yi ne don jin daɗin kansa. Mai saye yana kallon waɗannan a matsayin shaidar cewa an yi wasan mota da ita, an kuma taɓa wuraren da ba a san hannun da ya taɓa su ba. Sai kuma zangon da ta ci. Motocin da ake shigowa da su daga Amurka da mil ake auna tafiyarsu, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, don haka motar da ta nuna mil 150,000 ta yi tafiyar da ta wuce kilomita 240,000.

Yadda abin yake a Katako

Kasuwar Katako da ke Jos ta Arewa an san ta da katako da hatsi da gwanjo. Wuraren baje motoci kuwa suna bakin manyan tituna, irin su titin Zariya da hanyar Bukuru. Amma ɗan kasuwar Katako da ke son rabuwa da motarsa ba lalle ne ya kai ta can ba. Sau da yawa maganar kan fara ne daga maƙwabcin rumfa, ta bi ta hannun bakanike ko ɗan ka-yi-na-yi, ko a sa hotunanta a Facebook da WhatsApp. Irin wannan ciniki na hannu da hannu ba shi da garanti, kuma jarinsa amana ce kawai.

Mutumin Katako ya san cinikin kayan hannu sarai. Mai sayen rigar gwanjo yana ɗaga ta ga hasken rana, ya juya cikinta, ya ga yagewa ko tabo, ya taya daidai abin da ya gani. Mota ba ta yarda da irin wannan dubawa. Lafiyar giya da inji ba ta bayyana a zagaye ɗaya daga Katako zuwa Farin Gada. Yanayin garin ma yana taimaka wa aibi ya ɓuya: Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma a sanyinta motar da lagiretonta ya raunana za ta iya yawo cikin gari lafiya lau, sai ranar da ta fuskanci Hawan Kibo ko zafin Bauchi da Kano sannan ta tafasa. Mai motar ya san wannan, mai saye bai sani ba. Wannan giɓi na sani shi ne tushen mas'alar.

Asalin hukunci

Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta haramta cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ta kuma halatta kasuwancin da aka gina kan yardar ɓangarorin biyu. Daga nan malamai suka fahimci cewa yardar da aka samo ta hanyar ɓoye gaskiya ba cikakkiya ba ce, domin mutum ya yarda ne da motar da yake zato, alhali wata daban aka miƙa masa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai yin algus. Abin lura shi ne mutumin bai furta ƙarya ba, shirya kayan kawai ya yi ta yadda aibin ba zai ganu ba. Hadisin Hakim ɗan Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim ya rataya albarkar ciniki a kan gaskiya da bayyanawa, ya kuma nuna cewa ƙarya da ɓoyewa suna shafe ta.

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, littafi ne da ake karantawa a zaurukan malamai a duk ƙasar Hausa. A babin ciniki ta haramta yaudara da algus da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, sannan ta faɗaɗa hanin zuwa duk wani abu game da haja wanda in an ambace shi mai saye zai ƙi ta, ko farashinta ya ragu. Wannan ma'auni ya sauƙaƙa wa mai mota aiki. Duk abin da zuciyarsa ke gaya masa cewa faɗinsa zai karya kuɗin motar, shi ne ainihin abin da aka wajabta masa faɗa.

Mene ne aibi a mota

A wajen Malikawa aibi shi ne abin da bisa al'ada ake sa ran haja ta kuɓuta daga gare shi, wanda kuma yake rage darajarta ko amfaninta, kuma masana sana'ar ake komawa gare su wajen tantance shi. Tsufa shi kaɗai ba aibi ba ne a motar da aka sayar a matsayin tsohuwa. Koɗewar fenti da tsagewar kujera da ƙarar salansa abubuwa ne da ido ke gani kunne ke ji, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya gani ya saya ba shi da hujjar dawowa.

Ɓoyayyen aibi shi ne abin magana. A cikinsa akwai haɗarin da ya taɓa ƙashin motar aka miƙe shi aka shafe da sabon fenti, da jakar iska ta kariya da ta fashe aka rufe gurbinta babu komai a ciki, da motar da ambaliya ta shanye a ƙasar waje aka sayo ta a gwanjon kamfanonin inshora. Akwai sitiyarin da aka juyo daga dama zuwa hagu, da injin da aka sauya har lambarsa ta saɓa wa takardu, da matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi wadda aka cire aka sayar. Takardu ma suna cikin lissafi. Tun watan Janairun 2017 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, sahihancin takardar kwastam ya ƙara zama abin dubawa, kuma motar da za a iya ƙwacewa a hanya saboda takardunta tana ɗauke da aibin da ya fi na inji tsanani.

Sauyin da aka yi wa mota don ƙarin gudu ko ado yana tsaka-tsaki. Wani mai saye yana neman sa, wani yana gudun sa. Tunda yana iya sa mutum ya fasa, ya shiga ƙarƙashin ma'aunin Risala, sai a lissafa shi dalla-dalla: me aka cire, me aka sa, wa ya yi aikin. In kayan asali suna nan a ajiye, haɗa su da motar ya fi kusa da adalci, yana kuma faɗaɗa da'irar masu saye.

Mayar da awon tafiya baya

Rage lambar da ke nuna zangon da mota ta ci aiki ne na 'yan mintuna ga mai na'urar kwamfuta, kuma shi ne jarrabawar da ta fi fuskantar mai motar da ta ƙi fita. Yana da takwara a hadisi. A da Larabawa kan bar raƙuma ko tunkiya kwanaki ba tatsa kafin a kai ta kasuwa, don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin yin haka, da ba mai saye zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe ta, ko ya mayar da ita haɗe da sa'i ɗaya na dabino. Malikawa sun yi aiki da wannan hadisi, suka ce a bayar da sa'in daga abincin da ya fi yawa a garin. Dalilin hukuncin shi ne ƙirƙirar alamar ƙarya a jikin haja, kuma lambar da aka mayar baya ita ma alamar ƙarya ce. Haka goge fitilar gargaɗi ta gaban direba da safiyar ranar da za a zo duba mota, da zuba mai mai kauri don ɓoye ƙarar inji, da ɗumama injin tun kafin mai saye ya iso don kada ya ji yadda take wahalar tashi da sanyi.

Malikawa sun bambanta wanda ya ɓoye da gangan da wanda bai sani ba. Dukansu ana iya mayar musu da haja in tsohon aibi ya bayyana. Amma in hajar ta halaka saboda aibin da aka ɓoye da gangan, asarar tana wuyan mai sayarwa, sai ya mayar da kuɗin duka. A mota abin yana iya wuce dukiya, domin birkin da aka san yana ƙwacewa aka yi shiru a kansa yana iya cin rai a gangara.

"Yadda ka gan ta haka na sayar"

Wannan ita ce jimlar da masu sayarwa ke fakewa da ita, wasu har da cewa tarin ƙarfe suka sayar. Fiƙihu ya san ta da sunan ciniki bisa barranta daga aibi. Hanafawa sun yarda da sharaɗin a faɗaɗe, Malikawa kuwa sun ƙuntata shi ƙwarai, kuma ba su yarda ya kare wanda ya san aibin ba. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da wani bawa a kan dirhami 800 bisa wannan sharaɗi, daga baya mai saye ya kai ƙara cewa yana da wata cuta. Halifa Usman ɗan Affan ya yanke cewa ɗan Umar ya rantse bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ɗan Umar ya ƙi rantsuwar, ya karɓi bawansa. Hukuncin ya nuna cewa ko da sharaɗin barranta, abin da alƙali ke bincika shi ne sanin mai sayarwa. Muhtasar na Halil ya ƙara da cewa wajibi ne a fayyace aibin, ba a dunƙule shi ba. Cewa mota tana ɗan buƙatar gyara bai wadatar ba ga wanda ya san giyarta ta kusa mutuwa.

Mai saye shi ma yana da iyaka. In ya gano aibi ya ci gaba da hawa ba tare da larura ba, an ɗauka ya yarda. Yana kuma da damar sharɗanta zaɓi na 'yan kwanaki tun wajen ƙulla ciniki, kamar yadda Malikawa suka ƙaddara kimanin kwana uku ga dabbar hawa, don ya kai motar wajen bakanikensa ya kuma gwada ta a doguwar hanya.

Haƙƙin mai sayarwa da kuɗin da ya kashe

Wajibin bayyana aibi bai ƙwace wa mai mota haƙƙinsa ba. Yana da ikon sa farashin da ya ga dama, ya ce albarka ga tayin da bai yi masa ba, ya ambaci alherin motarsa na gaskiya. Ba dole ba ne ya faɗi nawa ya saye ta ko ƙarshen abin da zai sallama, matuƙar ba cinikin bayyana uwar kuɗi da riba suka ƙulla ba. In kuwa ya zaɓi ya faɗa, dole ya faɗi gaskiya. Sirrin aljihunsa nasa ne, halin motar kuwa haƙƙin mai saye ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a zuciyar mai motar ita ce ta asara: ya kashe mata kuɗi masu yawa, in ya faɗi komai ba zai mayar da ko rabi ba. Amma asarar ta riga ta auku tun kafin mai saye ya bayyana. Kilomitocin da motar ta ci shi ya hau su, ƙarar salansa shi ya ji daɗinta, kuma darajar da ta zube ita ce kuɗin wannan amfani. Ɓoye aibi ba ya goge asarar, ɗauke ta yake yi daga kan wanda ya ci moriya ya ɗora wa wanda bai ci ba. Buƙata ta gaske, irin ta kuɗin asibiti ko na makaranta, tana iya sa mutum ya karyar da motarsa da araha, amma ba ta halatta masa dukiyar wani. Haka nan cewa shi ma haka aka yi masa hujja ce a kan wanda ya cuce shi kaɗai.

Dillali da bakanike

La'adar dillali halal ce, kuma Bukhari ya ambaci cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasanul Basari ba su ga laifinta ba. Abin da aka hana shi ne tayin ƙarya, inda ake shirya wani ya zo ya taya mota da tsada ba da niyyar saye ba don a ingiza mai saye na gaskiya. Nauyin bayyana aibi kuma yana hawa kan duk wanda ya sani. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo a Ihya'u labarin sahabi Wasila ɗan Asƙa'u, wanda ya bi wani da ya sayi raƙuma a kan dirhami 300 ya tambaye shi ko don nama ya saya ko don hawa, sannan ya nuna masa rauni a tafin ƙafarta, har mai sayarwa ya rage dirhami 100. Bakaniken da mai saye ya ɗauko don dubawa, ya karɓi na goro daga mai sayarwa ya ce lafiyarta ƙalau, ya haɗa algus da cin amana.

Mahangar Kirista da ta masana falsafa

Kasuwannin Jos wuri ne da Musulmi da Kirista ke ciniki da juna kullum, kuma koyarwar ɓangarorin biyu ta haɗu a wannan mas'ala. Littafin Karin Magana da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya la'anci ma'aunin zamba, ya kuma zargi mai sayen da ke kushe kaya a gaban mai su sannan ya tafi yana fahariyar ya yi araha. Toma Akwinas, malamin Katolika na ƙarni na 13, ya yanke cewa aibin da ke bayyane, kamar doki mai ido ɗaya, ba sai an faɗa ba in an rage farashi daidai da shi, amma ɓoyayyen aibin da zai jawo haɗari ko asara wajibi ne a bayyana shi. Tun kafin haka Sisero na Rum ya tattauna batun mai sayar da gida mai ɓoyayyar illa, ya goyi bayan cewa yin shiru don cin riba a kan jahilcin wani ha'inci ne. Malaman Musulunci kuma sun tabbatar da cewa algus haram ne ko wane ne mai saye. A garin da ya sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, cutar da mutum guda ya yi a ciniki tana iya zama tabo ga jama'arsa baki ɗaya.

Doka da lafiyar kasuwa

Jihar Filato, inda Jos take, ba ta cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci daga 1999. Dokar cinikin kaya da aka gada daga Ingila, wadda tushenta dokar 1893 ce, ta fi ɗora wa mai saye nauyin buɗe ido a cinikin hannu da hannu, duk da cewa ƙaryar da aka yi da gangan abin kai ƙara ce. Shari'ar kotu kuwa tana cin kuɗi da lokaci, shi ya sa yawancin irin wannan rigima a gaban shugabannin kasuwa da dattawa take ƙarewa. Abin da ya fi tsare mai saye shi ne tsoron Allah na mai sayarwa.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a wata maƙala ta 1970, wadda ta kai shi ga lambar Nobel a 2001, cewa in masu sayen motar hannu ba sa iya rarrabe mai kyau da maras kyau, sai su riƙa taya kowace da farashin mai aibi, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Tayin wulaƙancin da mai motar tsere ke kuka da shi ɗiyan algus ɗin wasu ne da suka gabace shi. Maganinsa shi ne abin da ke rage shakka: rasiɗan gyara, lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ake bincikar tarihin motocin Amurka da ita, barin mai saye ya zo da bakanikensa, da rubuta aibobin a takardar ciniki gaban shaidu.

Hukuncin da ya fito daga wannan duka a fili yake. Wahalar samun mai saye dalili ce ta rage farashi ko ta ƙara haƙuri, ba ta sassauta wajibin bayyana aibi ko kaɗan. Mai motar da ya lissafa zangonta na gaskiya da haɗarin da ta taɓa yi da duk abin da ya sauya mata, ya sallama a kan abin da kasuwa ta ba shi, kuɗinsa halal ne ko da sun gaza abin da ya kashe. Wanda ya ɓoye kuwa, bambancin da ke tsakanin farashin gaskiya da abin da ya karɓa haƙƙin mai saye ne a wuyansa, kuma tubarsa ba ta cika sai ya mayar da shi ko an yafe masa.